Goge da Kukuma: Asalinsu da Siffofinsu a Ƙasar Hausa da Borno

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalin goge da kukuma, da bayyana siffofinsu, tare da kwatanta tarihinsu da na wani kiɗa makamancinsu a Amurka, domin a ga yadda kiɗa kan zama rumbun adana harshe.

2.0 Asali

Masana kiɗa da dama suna danganta goge da rababa ta Larabawa, wadda ake jin ta tsallako Sahara ta hanyar fatauci. Abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne yadda kayan kiɗan ya bazu a kan hanyoyin ayari. Azbinawa suna da imzad, wanda mata ke gogawa, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da ake kiyayewa a 2013. Zabarmawa suna da goje, Dagwamba na Gana suna da gonje, Yarbawa kuma sun shigar da goje cikin kiɗan sakara, kamar yadda Yusufu Olatunji ya yi har rasuwarsa a 1978.

Sunan kansa abin nazari ne. Bahaushe yana jin aikatau "goga" a cikinsa, amma kasancewar kalmar a harsunan da ba dangin Hausa ba yana nuna cewa aro ya gudana, ko daga Hausa ko zuwa cikinta. Haka ita ma kalmar kukuma, Barebari suna amfani da ita, wanda ke nuni ga daɗaɗɗiyar cuɗanyar Borno da ƙasar Hausa. Wannan cuɗanya ta ƙara kauri bayan kafuwar Yerwa a 1907, inda har unguwar Hausari ta samu a Maiduguri.

3.0 Siffofi

Ana yin goge da ƙwarya, a rufe bakinta da fatar guza, a ratsa ta da sanda, a ɗaura tsirkiya guda ta izgar doki. Ana goga ta da ɗan baka, shi ma na izga, bayan an shafa masa ƙaro. Kukuma ta fi goge ƙanƙanta, muryarta kuma ta fi siriri. Masu kiɗan ƙwarya ne ke riƙe wa mai goge amo, su kuma 'yan rawa su bi. Tsirkiyar tana kwaikwayon karin sautin Hausa, har mai sauraro ya tsinci kirari a cikinta ba tare da an furta ba.

Alaƙar goge da bori ta sa malamai suka ƙyamace shi, musamman bayan jihadin 1804. Duk da haka, a ƙarni na 20 rediyo ya fito da Garba Liyo a fagen goge, da Ali Makaho, Ibrahim Na Habu, Ahmadu Doka da Hassan Wayam a fagen kukuma.

4.0 Kwatanci da Luwiziyana

A 1755 Ingila ta fara korar masu jin Faransanci daga Akadiya, a gabashin Kanada. Wasunsu suka yada zango a Luwiziyana, aka san su da Kajun. Gogen Turawa ne jigon kiɗansu, daga baya akodiyan ta shigo, aka kuma fara ɗaukarsa a faifai a 1928. Baƙar fata masu jin Faransanci a yankin suka gauraya shi da nasu salon, aka samu zaidiko, wanda Clifton Chenier (1925–1987) ya shahara da shi. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya tilasta koyarwa da Turanci, amma Faransancinsu ya ci gaba da rayuwa a gidajen rawa.

5.0 Kammalawa

Tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano na finafinai ya mamaye bukukuwa, rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 kuma ya daƙile wasannin dare na tsawon shekaru. Waƙoƙin goge suna ɗauke da kirarin iskoki, da tsofaffin kalmomi, da karin harsunan garuruwa waɗanda ba su shiga ƙamus ba. Wajibi ne sassan nazarin harsuna su juye faya-fayan da ke gidajen rediyo zuwa rubutu, su kuma tattauna da sauran makaɗan da ke raye, tun lokaci bai ƙure ba.