Takardar da ke ceton jirgin ruwa

 Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu ji tarihin wata takarda.

Kun san direban babbar mota ba ya wuce iyaka sai ƴan duwan sun duba takardunsa. To, haka jirgin ruwa yake.

Da Amurka ta rabu da Ingila, sai jiragenta na fatauci suka rasa mai tsaronsu. A shekara ta 1793, mayaƙan teku na birnin Alje, a Aljeriya ta yau, suka kama jiragen Amurka 11 a cikin ƴan watanni. Suka tsare matuƙan, sai an biya fansa. A 1795 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da sarkin Alje. Daga nan kowane jirgi mai zuwa Bahar Rum sai ya riƙe takardar wucewa.

Me aka rubuta cikinta? Sunan jirgi, sunan kyaftin, girman jirgin, yawan mutane da bindigogi. A ƙasa kuma shugaban ƙasa da kansa ya sa hannu, ministan harkokin waje ya sa, an buga hatimi.

Amma mayaƙan Alje ba su karanta Ingilishi. Yaya za su gane ta gaskiya? Ga dabarar: a yanke saman takardar, yankan ya yi lanƙwasa-lanƙwasa. Guntun sama a aika shi Alje. In an tare jirgi a teku, sai a haɗa guntu da takarda. In bakinsu ya dace, jirgi ya wuce. In bai dace ba, jirgi da kaya suna cikin hatsari.

Shugaba ba ya zuwa bakin teku. Yakan sa hannu tun ba a cika takardun ba, a rarraba su tashoshi, shugaban duwan ya cika sauran.

Yau waɗannan takardu sun gama aikinsu, amma darajarsu ta ƙaru. Masu tara kayan tarihi suna sayen su a gwanjo, saboda hannun Joj Washinton ko Tomas Jafason. Ta Wiliyam Harison tana da wuyar samu ƙwarai, don wata ɗaya kawai ya yi kan mulki ya rasu, a 1841. Abin da ya yi ƙaranci, shi ke tsada.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.