Wa ya cancanci kujera a hukumar kifi da namun daji? Zare kan Misuri da Wiskonsin

1/ A Amurka yawancin jihohi suna da wata 'yar ƙaramar hukuma ta mutane kaɗan, gwamna ke naɗa su. Su ke yanke ranar buɗe farauta, dabba nawa za a harbe, kifi nawa mutum zai kama. Rigimar wa zai hau waɗannan kujeru ta kusa shekara ɗari. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ A ƙarshen ƙarni na 19 masu farautar kasuwa sun kusa share dajin ƙasar. Ɓaunar Amurka da ake lissafawa da miliyoyi ta koma 'yan ɗaruruwa. Akwai wata irin kurciya da garkenta kan rufe rana in ya tashi; ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914.

3/ A 1896 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar Geer da jihar Connecticut, ta ce namun daji amana ce a hannun jiha domin jama'arta baki ɗaya. Ku riƙe kalmar amanar nan, za mu dawo kanta.

4/ To amma wa ke riƙe da amanar a aikace? 'Yan siyasa. Aikin gadin daji ya zama ladan kamfe. Sabon gwamna ya hau, ya kori na da, ya zuba yaransa. Kuɗin lasisin farauta kuma majalisa kan karkatar da shi wani wajen.

5/ A jihar Misuri abin ya kai inda aka ƙiyasta barewa kusan 400 kacal suka rage a 1925. A jiha guda fa, ba a daji ɗaya ba.

6/ A 1935 mafarauta da masu kamun kifi suka taru a garin Columbia, suka rubuta gyaran tsarin mulkin jihar, suka bi gari gari neman sa hannu. A zaɓen Nuwamba 1936 kusan kashi 71 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince. Hukumar ta fara aiki a 1937.

7/ Ga yadda suka tsara ta. Mutum huɗu. Kada fiye da biyu su fito daga jam'iyya ɗaya. Wa'adin shekara shida, kuma ba a lokaci guda duka suke sauka ba. Babu albashi. Su ke ɗaukar darakta, ba gwamna ba.

8/ Sharaɗin cancanta kuwa gajere ne: mutum ya kasance yana da sani da sha'awar kare namun daji. Abin da ya burge ni ke nan. Mafarauta ne suka rubuta dokar, amma ba su keɓe wa kansu kujera ko ɗaya ba. Yau barewa a Misuri sun haura miliyan.

9/ Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan rigimar. A 1937 Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar Pittman-Robertson: harajin bindigogi da harsasai zai riƙa komawa jihohi don aikin namun daji. Tarayya ta biya kashi 75 na aiki, jiha ta kawo 25.

10/ Da sharaɗi: sai jiha ta yi doka cewa kuɗin lasisin farauta ba zai je ko'ina ba sai ma'aikatar namun daji. A 1950 aka yi irinta kan kayan kamun kifi, dokar Dingell-Johnson.

11/ Tsarin ya yi aiki, wannan ba gardama. Barewa, talotalon daji, agwagin ruwa duk sun farfaɗo. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikatar da albashinta ke fitowa daga aljihun maharbi, maharbi za ta fi saurara. Dabbar da ba a harbinta, kamar kwaɗo ko jemage, sai ta jira ragowa.

12/ Mu tsallaka jihar Wiskonsin, don a can aka ga abin da kan faru in masani ya zauna a kujerar. Aldo Leopold, wanda ya rubuta littafin farko na ilimin kula da namun farauta a 1933, ya shiga hukumar jihar a 1943.

13/ Ya dubi daji ya ce barewa sun yi yawa, suna cinye ƙananan itatuwa, yunwa za ta kashe su da sanyi. Maganinsa: a harbi matan ma, a rage garken. Kai, mafarauta suka yi masa ca. A wurinsu harbin macen barewa kashe farautar baɗi ne. Har ya rasu a 1948 bai gama shan suka ba.

14/ Ku lura, Leopold kansa maharbi ne. Ba lasisin aljihunsa ya bambanta shi da masu zaginsa ba. Shi yana ƙirga abin da daji zai iya ciyarwa, su suna ƙirga abin da za su kai gida.

15/ Shekaru da dama bayan haka Wiskonsin ta bi hanyar da Misuri ba ta bi ba. Ta yi doka cewa cikin mutum bakwai na hukumar, aƙalla uku sai waɗanda suka riƙe lasisin farauta, kamun kifi ko ɗana tarko na shekara 7 cikin 10 da suka wuce, ɗaya kuma daga harkar noma.

16/ Fabrairu 2021. An cire kyarkeci daga jerin dabbobin da tarayya ke karewa, kotu ta tilasta a buɗe farauta nan take. Kason masu lasisin jiha 119. Cikin kwana uku suka kashe 218, mafi yawa da karnuka.

17/ Ƙabilun Ojibwe suna da haƙƙin farauta a yankin bisa yarjejeniyoyin 1837 da 1842. An ware musu kyarkeci 81. Su kuwa ɗan'uwa suke ɗaukar kyarkeci, sun karɓi kason ne don a bar su da rai. Rarar da aka harbe ta cinye kason nasu har da ɗori. Dokar da ta keɓe wa mai tarko kujera ba ta keɓe musu ko ɗaya ba.

18/ A watan Agusta masanan ma'aikata suka ba da shawarar kada farauta ta gaba ta wuce 130. Hukumar ta ce 300. Kotu ce ta dakatar da ita.

19/ Shugaban hukumar a lokacin, Frederick Prehn, wa'adinsa ya ƙare tun Mayu. Ya ƙi sauka. Gwamna Evers ya naɗa wata, majalisar dattawan jihar da ke hannun ɗaya jam'iyyar ta ƙi tantance ta. A 2022 kotun ƙolin jihar, alƙali 4 da 3, ta ce yana iya zama. Sai ƙarshen shekarar ya sauka don kansa. Siyasar da aka kora ta ƙofa a shekarun 1930 ta dawo ke nan.

20/ Hujjar mafarauta ita ce "mu ke biya". Akwai gaskiya a ciki, kuma sun san daji fiye da yawancin masu sukarsu. Amma ƙidayar 2016 ta nuna mafarauta miliyan 11.5 ne, masu kallon namun daji miliyan 86. Kuma da yawa daga masu biyan harajin bindiga ba su taɓa shiga daji ba.

21/ Misuri ta sake riga kowa. A 1976 masu ƙuri'a suka amince da ƙarin harajin saye, kashi ɗaya bisa takwas na kashi ɗaya cikin ɗari, don ma'aikatar. Fiye da rabin kuɗinta daga nan yake. Tsohuwar da ta sayi sabulu ma ta biya, don haka ba mai cewa hukumar tasa ce shi kaɗai.

22/ Ra'ayina: maharbi ya zauna, manomi ya zauna, amma kada doka ta ba masu lasisi kusan rabin teburi kan abin da kotu ta kira amanar kowa. In za a keɓe kujera, a fara da masanin halittu da ƙabilun da ke da yarjejeniya a rubuce. Kuma ranar da wa'adi ya ƙare, kujera ta zama babu kowa.

23/ Misurin ma ba ta tsira daga ƙorafi ba. Mutanen karkara kan ce mutum huɗu sun yi kaɗan ga jiha guda, kuma ba a iya hukunta su da ƙuri'a. 'Yan majalisa sun sha kawo ƙudurin ƙara kujerun, wasu ma suna so a riƙa zaɓensu. Har yanzu dai huɗu ne.