Kogin Kymi: daga iyakar dauloli zuwa kwarin takarda

A kudu maso gabashin ƙasar Finlanda akwai yankin da ake kira Kymenlaakso, wato «kwarin Kymi». Kogin Kymi yana fitowa daga tafkin Päijänne, ya yi tafiyar kilomita wajen 200 yana gangarowa bisa duwatsu, sannan ya rabu gida biyar kafin ya faɗa tekun Baltik. Da wuya a sami gari a kwarin da ba kogin ne ya yanke masa cibi ba.

Da farko iyaka ne. A shekarar 1743, bayan Rasha ta rinjayi Suwidin, yarjejeniyar Turku ta mai da reshen kogin na yamma iyakar daulolin biyu. Gundumar Pyhtää ta tsage biyu, har ɓangaren yamma ya ɗauki sunan Ruotsinpyhtää, «Pyhtää ta Suwidin». A gabas kuwa akwai Hamina, garin soja mai ganuwa, wanda titunansa ke zagaye zauren gari da'ira bayan da'ira. A nan ne Suwidin ta sallama wa Rasha Finlanda baki ɗaya a 1809.

Shekarar da ta sauya kwarin ita ce 1872. A cikinta wani ɗan Norwe, Hans Gutzeit, ya kafa injin tsaga katako a bakin kogin, Axel Wilhelm Wahren ya kafa kamfanin Kymi a Kuusankoski, aka kuma gina injinan niƙa itace a Inkeroinen da Verla. Dalilin haɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Dazuzzukan tsakiyar ƙasar suna ba da itace, kogi yana ɗauko gungume kyauta, ruwan da ke zubowa daga tudu yana juya dutsen da ke niƙa itacen ya zama kullun takarda. Kasuwa kuma tana kusa: tun 1870 jirgin ƙasa ke zuwa Sen Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin. Kouvola kanta tashar jirgin ce kawai da aka buɗe a 1875.

Abin lura shi ne masana'anta ta riga gari. Sai a 1879 Kotka ta zama birni, bayan injinan katako sun tara jama'a a tsibirin. A Kuusankoski kamfani ne ya gina gidajen ma'aikata da makarantar koyon sana'a, yaro ya gaji aikin ubansa kamar yadda ake gadon gona. A Sunila, kusa da Kotka, shahararren mai zanen gine-gine Alvar Aalto ya zana masana'anta da unguwar ma'aikatanta tare a ƙarshen shekarun 1930. Wannan tsari ya kawo rufin asiri, babu musu. Amma gari ya rataya ransa ga igiya guda. Kogin ma ya biya nasa kuɗin: daga 1940 zuwa 1984 an sarrafa wani maganin kare katako a Kuusankoski, gubarsa ta kwanta a laka ƙarƙashin ruwa.

Igiyar ta fara tsinkewa da mutane suka rage karanta jaridun takarda. An rufe masana'antar Voikkaa a 2006, mutum sama da 600 suka rasa aiki. Summa ta bi baya a 2008, Myllykoski a 2011, Sunila a 2023. Ba duka suka mutu ba, sai dai garuruwan sun yi ta raguwa, matasa suna ƙaura; a 2009 aka haɗe gundumomi shida suka zama Kouvola guda. A shekarar ce kamfanin Google ya sayi ginin Summa, kusa da Hamina, ya cika shi da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, yana sanyaya su da ruwan teku ta ramin da tsohuwar masana'antar ta bari. Intanet ɗin da ta karya kasuwar takardar jarida ita ta gaji gidan, kuma ba ta buƙatar hannaye da yawa kamar magabaciyarta.

Verla ta yi nata mutuwar tun da wuri. An tsai da injinanta a 1964, ba a kwashe kome ba, aka mai da ita gidan tarihi, UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 1996. A ɗakin tantance kwali, inda wata ma'aikaciya mai suna Maria Mattsson ta yi sama da shekara 50 tana auna falle-falle a tsaye wuri guda, ana nuna wa baƙi gurbin da ƙafafunta suka ci a katakon daɓen.