Garin Ivrea da Isnadin Arduino

A arewacin Italiya, a gindin duwatsun Alps, inda kogin Dora Baltea yake saukowa ya ratsa gari, akwai wani birni da ake kira Ivrea, wanda ba shi da wani girman a-zo-a-gani, amma duk mai sha'awar haɗa wayoyi da narka dalma a ɗakinsa, ko a Kano yake ko a birnin Sin, yana cin moriyarsa ko da bai taɓa jin sunansa ba. A nan ne Camillo Olivetti ya kafa masana'antar tafireta a shekara ta 1908, ɗansa Adriano ya ɗaukaka ta har sunanta ya game duniya, kuma daga wannan gida ne injin Programma 101 ya fito a 1965, wanda ake lasaftawa cikin magabatan kwamfutar da ake ɗorawa bisa tebur. Da zamani ya juya, kasuwar tafireta ta mutu, sai kamfanin ya haɗa hannu da Telecom Italia suka buɗe wata makaranta a garin a 2001, domin koyar da yadda ake ƙera abubuwan da mutum zai taɓa su amsa masa.

Almajiran wannan makaranta galibinsu masu zane ne da masu fasahar ƙira, ba injiniyoyi ba, kuma a nan mushkilar take. Wanda ya so ya sa fitila ta kama idan an kusance ta, tilas ne ya umurci wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, wadda ba ta jin kowace lugga sai tata, alhali kuwa koyon luggar nan yana bukatar bitar littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka, da sayen wata na'ura dabam ta shigar da umurnin, kamar dai a ce wa mai son rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa kada ya ɗauki alƙalami sai ya sauke nahawu da sarfu da balaga. Da yawa sukan gaji su bari.

Malamanmu na da ba sa karɓar ilmi sai sun tambayi isnadinsa, wato wane ya karɓo daga wane, kuma ni a ganina ba a fahimtar Arduino, ƙaramin allon da ya sauƙaƙa wannan wahala, sai ta wannan hanya. Farkon silsilar John Maeda ne, na jami'ar MIT a Amurka a wancan lokaci, wanda ya tsara wata sassauƙar lugga don masu zane, ya kira ta Design by Numbers. Almajiransa biyu, Casey Reas da Ben Fry, suka faɗaɗa ta a 2001 ta zama Processing, inda suka kira kowane rubutun umurni da sunan zanen gwaji, don mai koyo ya ji cewa ba laifi ba ne ya ɓata ya sake. Reas ya zo Ivrea koyarwa, a can kuma wani ɗalibi mutumin Kolombiya, Hernando Barragán, ya ɗauki wannan ruhi ya fitar da shi daga fuskar kwamfuta ya kai shi ga wayoyi da fitilu da injuna, a cikin kundin digirinsa na biyu da ya fara a 2003 ƙarƙashin kulawar Reas da Massimo Banzi, ya sa masa suna Wiring.

A 2005 Banzi da David Mellis da David Cuartielles, tare da Gianluca Martino da Tom Igoe, suka ɗauki manhajar Wiring suka daidaita ta da wata ƙwaƙwalwa mai araha, ATmega8, suka ɗora ta bisa ƙaramin allo. Sunan Arduino kuwa daga wata mashaya ta garin suka samo shi, inda sukan taru, ita ma ta ci sunan Arduin, basaraken Ivrea da aka naɗa sarkin Italiya a 1002. Abin mamaki, sarkin da ya ƙare kwanakinsa a gidan ibada bayan mulki ya kuɓuce masa, ga shi sunansa ya fi yawo a bakin yara masu wasa da batir fiye da bakin malaman tarihi.

Mutane sukan yabi allon, amma haƙiƙa allon ba shi da wani sirri; falalar tana cikin manhajar. Mai koyo yana buɗe ta ya tarar da babi biyu kacal, ɗaya na abin da za a yi sau guda da farawa, ɗaya na abin da za a yi ta maimaitawa har a yanke wuta, sa'an nan ya danna maɓalli guda, umurnin ya bi waya ya shiga, dukan wahalar fassara shi zuwa luggar injin tana gudana a ɓoye. Da yake makarantar tana gab da rufewa, masu aikin kuma suna tsoron ya nutse tare da ita, sai suka saki manhajar da taswirar allon tamkar waƙafi, kowa ya kwafa ya gyara ya sayar, suka riƙe sunan kaɗai. Masana'antun Sin suka kwafa da araha, har allon ya iso hannun ɗalibanmu na kwalejojin fasaha. Sunan da suka riƙe kuwa shi ya jawo shari'a tsakaninsu a 2015, ba su sasanta ba sai a 2016.

A shekarar 2016 ɗin ce Barragán, wanda ba a gayyace shi cikin jama'ar Arduino ba, wanda kuma tun da daɗewa ya koma Bogota yana koyarwa a jami'ar Los Andes, ya rubuta nasa bayanin yadda al'amarin ya gudana, bayan sunansa ya daɗe yana faɗuwa daga bakin masu ruwayar labarin. Kalmomin da mafari yake fara rubutawa, irin su digitalWrite, waɗanda da su yake sa 'yar fitilar da ke ƙafa ta 13 ta allon ta kama daƙiƙa ɗaya ta mutu daƙiƙa ɗaya, daga Wiring aka gaje su.