Nowa Huta: Tarihin Wani Birnin Ƙarfe da Kewayensa

Nowa Huta tana gabas da tsohon birnin Krakow, a kudancin ƙasar Polan. Ma'anar sunan a harshen mutanen ƙasar ita ce "sabuwar ma'aikatar narka ƙarfe", wato ke nan sunan garin da sana'arsa ɗaya ne. Gwamnatin gurguzu ce ta fara gina ta a 1949, bisa zanen da Tadeusz Ptaszycki ya jagoranta, a kan gonakin ƙauyukan Mogiła da Pleszów da Krzesławice. An raba manoma da ƙasarsu mai albarka. A 1951 aka haɗe sabon garin da Krakow, sa'an nan a ran 22 ga Yuli 1954 aka buɗe ma'aikatar, wadda aka riga aka raɗa wa sunan Lenin.

Abin lura shi ne babu tama ko kwal a wurin. Daga Yukren aka riƙa kawo tama, kwal kuwa daga Silesiya. Saboda haka masana tarihi da dama suna ganin akwai siyasa a zaɓen wurin, domin mutanen Krakow, garin malamai da limaman Kirista, sun juya wa 'yan gurguzu baya a ƙuri'ar raba gardama ta 1946. Wasu kuma suna kafa hujja da kogin Bistula da layin dogo da ɗimbin samarin karkara marasa aikin yi.

Tsarin garin ya bayyana aƙidar masu gina shi. Manyan tituna sun fito daga dandali guda, kowace unguwa da makarantarta da kantunanta, amma ba a ware fili ko ɗaya domin ɗakin ibada ba. Alhali kuwa a Mogiła akwai gidan sufayen Kirista tun ƙarni na 13. Ma'aikatan da aka kwaso daga ƙauyuka sun zo da addininsu. A ran 27 ga Afrilu 1960 suka yi arangama da 'yan sanda a kan wani gicciye da hukuma ta so cirewa, kuma a 1977 Kadinal Karol Wojtyła, wanda ya zama Paparoma a 1978, ya buɗe majami'ar da suka gina da guminsu.

Daga 1980 ma'aikatar ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność. An tumɓuke gunkin Lenin a Disamba 1989, a 2004 aka sa wa dandalin sunan Ronald Reagan, a 2020 kuma aka rufe babban murhun narka tama gaba ɗaya.

Darasin da ke nan ga mai nazarin al'adu shi ne hukuma na iya zana tituna da gidaje, amma al'adar da jama'a suka taso da ita tana biyo su har cikin sabon gida. Garin da aka gina domin ya rinjayi Krakow, a ƙarshe shi ya taya ta kawar da mulkin da ya kafa shi.