Daga akwatin rediyo zuwa sifika biyar: abin da kunnen Bazazzagi ke nema

1/ Ƙanena ya tara kuɗi zai sayi kayan sauti na falo. Yana son na kallon fim, yana kuma son ya riƙa jin Shata da kyau. Ya tambaye ni: mai sifika biyar ko mai biyu? Na ce zauna in ba ka tarihi tukuna. Ga zaren, a biyo ni a hankali.

2/ Kafin wuta da waya, sautin birnin Zazzau na iska ne da fata. Kakaki, algaita, tambari a ƙofar fada. Sarki Abdulkarim ya sa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, kuma an yi sama da shekara 100 liman na karatu a cikinsa ba lasifika.

3/ Sai garmaho ya shigo. A wana shi da hannu, a ɗora allura kan faifai. Faifan ba ya ɗaukar fiye da minti 3 zuwa 4 a fuska guda, ga ƙarar allura. Amma murya na fita, kuma ita ake zaman ji.

4/ Akwatin rediyo kuwa da waya aka jawo shi. An fara a Legas a 1933, ya zo Kano a 1944, Zariya ta samu nata a wannan zamanin. Sifika ɗaya ce cikin katako, ba ka da zaɓin tasha, sai dai ka ƙara murya ko ka rage. Kuɗin haya ake biya.

5/ A 1957 BBC ta fara Hausa, a 1962 aka buɗe Rediyon Kaduna. Rediyo mai batir ya shiga zaure, ya shiga teburin mai shayi. Ka lura fa: duk wannan da sifika ɗaya tal aka yi shi, kuma ba wanda ya ce bai gane labarai ba.

6/ Philips ya fito da kaset a 1963. Nan ne sauti ya zama na kowa. Shata, Ɗan Maraya Jos, wa'azi, tafsirin azumi, duk a rikoda mai batir. Masu hali suka fara ajiye mai sifika biyu, dama da hagu, a lulluɓe ta da mayafi saboda ƙurar hunturu.

7/ Kallo kuma fa? Da majigi aka fara, a fili, jama'a a zaune a ƙasa. Bidiyo ne ya kawo fim cikin ɗaka. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daga baya faifan CD ya kori kaset. Mata da ba sa zuwa sinima suka samu tasu a gida.

8/ Shi tsarin sifika biyar da wufa, wato 5.1, don sinima aka yi shi. Dolby ya shigar da shi, DVD ya kai shi gidaje. Ta tsakiya magana, biyu na gaba kiɗa, biyu na baya motsin kewaye, wufa kuma rugugi.

9/ To ga inda kuɗi ke salwanta. Waƙoƙinmu na da, da hanya ɗaya ko biyu aka naɗe su. Yawancin finafinan Hausa ma haka. Ka sayi sifika biyar, abu ɗaya ne ake raba musu. Ba wani sabon sauti da zai fito ta bayanka.

10/ Kuma kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshen Hausa. Wannan yana tsakiyar sauti ne, inda muryar mutum take. Wufa mai arha sai ta danne shi da dum-dum. Ka ji ƙirjinka na rawa, amma wallahi ba ka ji abin da makaɗi ya ce ba.

11/ Ɗaki ma na da nasa. Soron ƙasa mai tabarma da darduma yana shanye amo. Falon siminti mai tayil da gilashi kuwa mayar da shi yake yi. Labule mai kauri da kafet sukan gyara abin da ƙarin kuɗi ba zai gyara ba.

12/ Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga dubban wat da PMPO a gefe, talla ce. Nemi RMS, ita ce ta fi kusa da gaskiya. Ka tuna da wuta kuma: wanne inbata ko ƙaramin janareto zai iya ɗauka?

13/ Abin da na gaya wa ƙanena ke nan: sayi biyu masu kyau da amfilifaya da za a iya jona ta da talabijin. In ka samu hali, ƙara ta tsakiya, sannan wufa. Tafi shago da waƙar da ka haddace, ka sa a kunna a ƙasa-ƙasa. In ka ji kowace kalma, biya.

14/ Ka kuma tuna cikin ganuwa kake. Katangarka ita ce ta maƙwabci, ga makarantar allo, ga masallaci a bakin lungu. Rugugin wufa ratsa bango yake yi. Kayan da sai an ƙure su suke daɗi ba na gidan birni ba ne.

15/ Ku fa, da me kuka fara jin Shata a gidanku? Mu dai rikodar Baba ce, kuma sai an yi sallar isha'i ake taɓa ta.