Kwana Casa'in: Tarihin Shiga Ba Biza a Afirka ta Yamma

Ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 1979, shugabanni da wakilan ƙasashe 16 na ƙungiyar ECOWAS suka hallara a birnin Dakar na ƙasar Senegal, suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya wadda ta ba ɗan kowace ƙasa daga cikinsu damar shiga 'yar'uwarta ba tare da neman biza ba, ya zauna har tsawon kwana casa'in. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka iso ga waɗannan kwanaki casa'in, da abin da suka ba talakan yankin, da kuma abin da gwamnatoci suka riƙe a hannunsu suka ƙi saki. A ganin mai wannan rubutu, wahalar da miliyoyin mutane suka sha a kan iyakoki daga baya tana kwance ne a tsakanin abin da aka bayar da abin da aka riƙe.

Ya kyautu mu ɗan waiwaya baya tukuna, don kada mai karatu ya zaci a Dakar aka ƙago zirga-zirga. Tun ƙarnuka da dama kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Hausa suna ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su nufi Gwanja neman goro. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da Dagomba har kasuwar Salaga, kuma zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci ma shekara. Ba a ce tafiyar kyauta take ba. A bakin kogi ana biyan kuɗin fito, kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa yana karɓar nasa rabo, kuma madugun da bai iya lallashi da ciniki ba yakan jawo wa ayarinsa asara mai yawa. Amma abin da ke tsaya wa baƙo a wancan zamani shi ne mutuncin madugunsa da sunan mai masaukinsa a zango. Ba wanda ke ƙirga masa kwanaki. In zama ya yi masa daɗi sai ya yi aure, ya kafa gida, jikokinsa su tashi a can. Haka zangunan Kumasi da Ankara da Lome suka samu, haka ma Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko daga baya.

Layin da ya raba ƙasar Hausa gida biyu kuwa a Turai aka fara zana shi. A shekarar 1890 Ingila da Faransa suka ja shi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, alhali kuwa babu ɗayansu da ya mallaki ko taki guda a wurin a lokacin. Suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, galibi saboda Faransawa sun koka cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin a ƙasa, suka kafa alamomi 148. Ta haka Katsina ta faɗa hannun Ingilishi, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, ko da yake har yau sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake kiranta. Duk da haka, a zamanin mulkin mallaka layin bai hana manomin Illela cin kasuwar Birnin Ƙonni ba, kuma 'yan cirani sun ci gaba da gangarowa kudu duk rani. Hankalin Bature ya fi karkata ga haraji da kuɗin kwastan bisa ga tambayar wane ne ɗan ƙasa.

Sai bayan samun mulkin kai wannan tambaya ta yi kaifi. Kowace sabuwar ƙasa ta yi tutarta da fasfonta da dokarta ta shige da fice. Nijeriya ta yi tata a 1963. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya samo ta ko ya fice. Dubun-dubatar mutane suka kwashe nasu ya nasu, mafi yawansu 'yan asalin Nijeriya, da na Nijar da Togo da Volta ta Sama. A cikin Yarbawa da Hausawan da aka kora akwai waɗanda a Ghana aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba sai ranar da mota ta sauke su a cikinsa. Da wannan tabo a zuciya aka kafa ECOWAS a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo. Wata biyu bayan nan aka hamɓare Gowon yana wurin taro a Kampala, amma ƙungiyar ta rayu.

To, me yarjejeniyar Dakar ta ƙunsa? An raba alkawarin mataki uku, aka ɗiba masa shekara 15. Matakin farko shi ne 'yancin shiga da soke biza, na biyu 'yancin zama, na uku 'yancin kafa sana'a ko kasuwanci. Na farkon kaɗai ne ya fara aiki a 1980. Sharuɗɗansa a takarda ba su da yawa: matafiyi ya riƙe sahihiyar takardar tafiya, ya riƙe katin shaidar lafiya na ƙasa da ƙasa, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna an yi masa rigakafin shawara, sannan ya shiga ta ƙofar da hukuma ta amince da ita. In yana son wuce kwana casa'in, wajibi ne ya nemi ƙarin izini. An kuma yarda motar gida ta shiga ta yi kwana 90, motar haya mai ɗauke da fasinja ta yi kwana 15, muddin direba na da takardun mota da na inshora.

Ga malami ko babban ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, wannan rangwame ne babba, domin an ɗauke masa jeka-ka-dawo a ofishin jakadanci. Amma mai karatu ya tambayi kansa, mutum nawa ne a ƙauyukan Gobir ko Adar ke da fasfo a 1980? Mafi yawan jama'a ba su da ko takardar haihuwa. Ɗan cirani ya saba bin hanyar da ubansa ya bi, ta cikin gonaki, ba ta gaban ofishin shige da fice ba, don haka babu hatimin da zai nuna ranar da ya shigo, balle a san ko kwanakinsa sun cika. Wato dai yarjejeniyar ta halatta tafiyar mutanen da tun da ma ba su cika shan wahala ba, ta bar mafi yawan matafiya a matsayin masu laifi a idon doka. Kuma ko mai takarda, shiga aka ba shi, ba a ba shi izinin yin aiki ba, alhali kuwa neman abinci ne ya fito da shi daga gida.

Akwai kuma sashe na huɗu, wanda ya ba kowace ƙasa ikon hana shiga ga duk wanda dokarta ta cikin gida ta ɗauka baƙon da ba a so. Ba a fayyace ko wane ne wannan baƙo ba, aka bar wa kowace gwamnati ta fassara yadda ta ga dama. Wanda yake son ya ga iyakar faɗin irin wannan iko, sai ya tuna da abin da ya sami Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a watan Janairu na 1980. Shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, amma aka wayi gari jami'an shige da fice sun ɗauke shi sun kai shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta maido masa da haƙƙinsa. Idan ɗan majalisa ya ga haka a ƙasarsa, ina ga mai gadi ko mai sayar da ruwa da ya zo daga wata ƙasa?

Amsar ba ta daɗe ba ta zo. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya jawo ɗimbin baƙi Nijeriya, musamman daga Ghana wadda tattalin arzikinta ya durƙushe: malaman makaranta, magina, teloli, masu gyaran takalma. Da farashin mai ya faɗi, ayyuka suka ƙare, sai ido ya koma kan baƙo. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano ya ƙara wa wutar mai, tun da shi Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne. Ga kuma zaɓen 1983 yana ƙaratowa. Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wato Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwar cewa duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya bar ƙasar cikin mako biyu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Abin da ya ƙara munana lamarin shi ne gwamnatin Rawlings ta rufe iyakokin Ghana tun watan Satumba na 1982, don haka Togo da Benin suka ƙi barin jama'a su wuce, tsoron kada su maƙale musu. Mutane suka yi cincirindo a Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, cikin rana da ƙishirwa, har aka rasa rayuka, kafin Ghana ta buɗe ƙofarta a ƙarshen Janairu. Jakar leda mai ratsi-ratsi da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora ake kiranta a kasuwa.

Hujjar da Nijeriya ta kafa ita ce ba ta karya alkawari ba: kwana casa'in aka yarda, waɗannan mutane kuwa sun shekara da shekaru, suna aiki ba izini, kuma mataki na biyu bai fara aiki ba. A bisa harafin takarda, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kuma sashe na 11 na wannan yarjejeniya ya ce ƙasar da za ta kori ɗan ƙungiya ta sanar da shi da gwamnatinsa da Sakataren ƙungiyar, ta ɗauki kuɗin tafiyarsa, ta kuma tsare lafiyarsa da dukiyarsa. Ba yadda za a cika wannan a kan mutum miliyan biyu cikin kwana 14. An ɗauki sashen da ya yi daɗi, aka bar wanda ya yi nauyi. Wasu sun ce ramuwar 1969 ce, amma mai gadin da ya fito daga Tawa ba shi da hannu a abin da Busia ya yi.

Gwamnatin Janar Buhari ta ƙara da nata. A watan Afrilu na 1984 ta rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya saboda canjin kuɗi, ta kuma sake korar baƙi kimanin 700,000 a watan Mayu na 1985. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani a Nijar, hatsin da aka saba shigarwa daga kasuwannin Arewa ya yanke, shi ya sa mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu a Abuja a kan mataki na biyu, wanda ya haramta korar baƙi a dunƙule, ya ce a dubi kowane mutum shi kaɗai. Na uku ya biyo baya a Banjul a 1990.

An yi ƙoƙarin toshe giɓin takardu. A 1985 aka fito da takardar tafiya ta ECOWAS, ɗan ƙaramin littafi mai araha da sauƙin samu fiye da fasfo. A 2000 aka amince da fasfo na bai ɗaya, a 2014 kuma aka amince da katin shaida mai ɗauke da hoton yatsu, wanda Senegal ta fara bayarwa a 2016. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar Ikko zuwa Abidjan, mai tsawon kilomita kusan 1,000, ya san shingaye sun fi ƙofofin hukuma yawa, kuma abin da ake tambaya a mafi yawansu ba ya cikin kowane sashe na yarjejeniya. A Nijar ma, dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka zartar bisa matsin ƙasashen Turai, ta sa an riƙa tare 'yan Afirka ta Yamma a arewacin Agadas tun suna cikin ƙasar da suke da ikon shiga, har aka soke ta a Nuwamba 2023.

Rufe iyaka kuwa bai zama tarihi ba. Daga Agusta 2019 Nijeriya ta sake garƙame nata don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai a Disamba 2020 ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum; Jibiya da Kamba sai da suka jira har Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ita kanta ECOWAS ce ta ba da umarnin rufe iyakokin Nijar, wato ƙungiyar da ta yi alkawarin buɗe ƙofa ta koma mai riƙe da kwaɗo. Manyan motoci suka yi dogon layi da albasa da sauran kaya suna ruɓewa, 'yan'uwa na jini suka koma bin daji a kan babur don zuwa biki ko ta'aziyya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, aka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar a watan Maris, amma zumuncin ya riga ya tsage. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, ƙasashen da suka rage suka zama 12, tun da Muritaniya ta riga ta fita a 2000. A ranar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe uku, su bar su su shiga ba biza har zuwa wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku, a sanarwar da suka fitar a Disamba 2024, sun ce 'yan ECOWAS suna iya shiga yankinsu ba biza, sai dai kowace ƙasa ta riƙe ikon hana duk wanda dokarta ta ɗauka baƙon da ba a so, kusan kalma da kalma irin abin da aka rubuta a sashe na huɗu a Dakar.